Ƙarƙashin Rumbun Kumandan

Bara ɗan ƙanena ya rushe rumbu na ƙarshe da ya rage a gidanmu na Jiratawa, ya kafa rumfa a wurin yana sayar da man babur cikin kwalabe. Ban hana shi ba. Hatsi yanzu a buhu yake zuwa, sussukakke, a jibge shi a ɗaki a sa kwaɗo, kuma ban ji wanda ya ce tuwo ya sake ɗanɗano ba. Da na komo gidana a Sabon Gari na ba jikokina labari, sai ƙaramarsu ta tambaye ni ko rumbu wani irin tankin ruwa ne. Ban ga laifinta ba. Ta buɗe ido cikin kukan kabu-kabu, mu kuwa mun buɗe namu cikin ƙarar sussuka. Tun hantsi mata ke jera turame a bakin rumbuna, taɓare na sauka bi da bi, kaji na zagaye suna tsince abin da ya faɗi, ƙaiƙayi na tashi yana shiga wuyan riga, yaro ya yini yana susa. A lokacin, in kana son sanin mutum, ba rigarsa za ka duba ba, bayan gidansa za ka zaga ka ga abin da ya kafa. Ita kanta Maraɗi tana ƙasa cikin kwari, kusa da gulbi, ruwa bai kore ta ta hau tudu ba tukuna.

Kakana, mahaifin babana, duk gari Kafaran ake ce masa, wato kofur, muƙamin da ya komo da shi daga yaƙin Nasara na farko. An ɗauke shi yana da mata da ƴaƴa, ya komo bayan an fid da rai, da ƙarfe cikin ƙugu, da lamba guda a ƙirji, da wani Faransanci na bariki wanda daga baya na gane rabinsa umurni ne, rabinsa zagi. Ba ya ba da labarin yaƙi. In yara sun matsa masa, sai ya ce ƙasar akwai sanyi kuma ba su iya fura ba. Abu guda kawai yake maimaitawa: can sun fi yin haƙa a kan harbi, mutum ya yini cikin rami yana tokare ƙasa da itace don kada ta rufta masa, shi ya sa manomi ya fi ɗan birni daɗewa a yaƙi. Ni kuwa tsakanina da shi sai tsiya irin ta kaka da jika. Yana ce mini ɗan lakwal, wato ɗan makarantar boko, yana cewa wai kakata ta fi sona don ina warin sabulu, ni ma ina ce masa tsoho mai ƙafa ɗaya da rabi. Da aka zo neman yaran da za a sa lakwal, kowa ya ɓoye nasa, shi ya kama hannuna ya kai ni Maraɗi gidan gwaggona, ya ce ya gaji da ganin ana karanta takarda a kansa yana tsaye kamar jaki.

Bayan wata yunwa da aka yi kafin in yi wayo, Nasara suka kawo rumbun tsimi. Kowane gida zai kai damman hatsi a zuba a rumbunan gari, a ɗora jinka, a ɗaure da igiya, a buga mata darma mai hatimi, ba mai buɗewa sai kumandan, Nasaran da ke mulkin ƙasar Maraɗi, ya ce an shiga yunwa. A takarda dabara ce mai kyau. Abin da ya ɓata ta shi ne, yunwa takan iso gari da wata biyu ko uku kafin ta iso biro, ofishin kumandan. Namu rumbunan uku ne, a gabas da gari, kuma Kafaran aka ba tsaronsu, don kumandan ya ce maganar tsohon soja ta fi masa rantsuwar maigari.

Shekarar da nake faɗi, ruwan farko ya yaudare mu. Aka yi shuka, ta fito, sai sama ta bushe, tsiron ya ƙone har saiwa. Da ruwa ya komo, iri ya ƙare a yawancin gidaje, wasu ma sun riga sun daka nasu sun ci. Maigari ya aika Maraɗi sau biyu a roƙi buɗe rumbu, aka ce ba a shiga yunwa ba. Ƙasa kuwa tana da laima, kuma laima ba ta jiran takarda. Ranar wata Alhamis, da yake ba a karatu ran Alhamis, ina gida, sai na ga mata sun kore ƙananan yara zuwa fadama, maza sun taru a bakin rumbuna da sanduna da gwafanni, Kafaran na tsaye yana nuni da sandarsa. Ni da yake na fara tsawo, aka bar ni ina jan dami.

Ban taɓa ganin aiki mai kyau irin wannan ba, kuma wannan ne ya jawo masifar. Rumbu a kan duwatsu yake zaune, da itatuwa shimfiɗe a ƙasansa, tsakaninsa da ƙasa bai fi kamu guda ba, wurin da kaji ke fakewa. Da farko suka soka dogayen sanduna ta jikin zana, can sama, suka gitta su, don damman da ke kai su zauna a kansu. Sannan aka haƙa rami ƙarƙashi, maza shida suka tokare da gwafanni suna riƙe, mutum guda ya shiga kwance ya zare itace biyu, yana jawo damma ɗaya bayan ɗaya. Da ciki ya zama wofi, aka cusa kara da ƙaiƙayi har ya cika, aka mai da itatuwan, aka rufe ramin, aka watsa tsaba kaji suka tattake wurin. Igiya na nan, darma na nan, wanda ya ɗaga jinka hatsi zai gani, wanda ya buga jiki zai ji a cike. Rumbu biyu aka yi wa haka, aka bar na uku. Kafin la'asar an raba iri, washegari gari duka na gona da sungumi.

A makon da ya biyo, mushenmu, wato malaminmu, wani mutumin bakin teku mai son aikinsa, ya rubuta a allo: ka bayyana wani aiki da ka ga ana yi a ƙauyenku. Yara suka rubuta daka da ɗiban ruwa. Ni na raina wannan. Na zauna na zuba aikin rumbu tun daga sandar farko har tattakin kaji, kowane mataki da sakin layinsa, na rufe da cewa kakana ya koyo wannan fasaha ne a bautar Faransa. Ban manta cewa asiri ne ba. Abin da ke kaina shi ne, lakwal duniya ce daban, Jiratawa duniya ce daban, abin da aka rubuta da Faransanci kuma ba ya fita daga kaye, littafin rubutunmu, kamar yadda rijiyoyin lissafi da muke cikawa kullum ba su taɓa jiƙa kowa ba. Mushe ya karanta, daɗi ya kama shi, ya kai wa darakta, shugaban lakwal, don a ga irin yaran da yake fitarwa. Darakta Nasara ne, kuma tare suke cin abincin Lahadi da kumandan.

Ran Litinin mushe ya tsai da ni bayan an tashi. Bai iya duban idona ba. Ya ce kumandan ya tafi Tsibiri duba rumbuna, jibi zai sauka garinmu, ya kuma ce a tabbata ina wurin. Ya ce ba a ce masa ya riƙe ni ba, don haka in tafi yanzu. Na kama hanya ko gidan gwaggo ban biya ba. Dama da hagu shukar nan ta biyu ta kai idon sawu, kore shar, ciyawa ta fara bin ta, lokacin noman farko ya yi. Kowa a ƙasar ya san abin da ake yi wa garin da ya taɓa kayan kumandan: a kwashe mazansa a kai aikin dole, gyaran hanya ko ɗaukar dutse, wata biyu ko uku. In aka kwashe su a wannan makon, ciyawa za ta cinye hatsin, irin da aka sha wahalar fitarwa ya tafi a banza, ga rumbu biyu cike da kara.

Na iske babana da Kafaran a gona na faɗa musu. Babana ya tuɓe takalminsa ya nufo ni, Kafaran ya gitta sandarsa tsakaninmu. Aka taru a ƙofar maigari. Maigari ya ce in ce tatsuniya ce na ƙirƙira, a yi mini bulala a kore ni daga lakwal, a huta. Na ce na yarda. Wani ya ce maza su tsallaka ƙasar Ingilishi wajen dangi har ƙura ta lafa, aka tambaye shi wa zai yi noman. Wani ya ce a aika Tsibiri a aro damma wajen dangin kakata, Kafaran ya ce kumandan na zaune a Tsibirin, jakuna ba sa tafiya a ɓoye, kuma su ma can ganye suke ci. Game da shawarar maigari, ya ce Nasaran da ya karanta sanda da gwafa da kaji ba zai yarda yaro ya ƙaga su ba, zai sa a soka ƙarfe ne kawai. Sai ya juyo gare ni ya ce in maimaita masa abin da na rubuta, da Hausa, kada in tsallake kome. Na maimaita, yana gyaɗa kai kamar mai sauraron karatun allo.

"Ka sa sunan wani?"

"A'a, Kaka. Naka kaɗai."

"Sauran hwa, mi ka ce da su?"

"Na ce mazan garinmu."

Ya ce to, in tafi kakata ta ba ni fura. Ga sauran kuma ya ce gobe kowa ya yi noma kamar ba a yi kome ba, jibi kowa ya zo ya tsaya, amma duk abin da aka gani kada wanda ya motsa ƙafa. Aka tambaye shi me zai yi, ya ce zai wanke kakinsa.

Ran Laraba rana ta ɗaga sosai kafin mu ji dawakai. Kumandan ne, da tafinta, da gardinsa huɗu masu jar hula, ɗaya riƙe da dogon ƙarfe mai tsini. Kafaran ya fito cikin tsohon kakin da ya yi masa yawa, da lamba a ƙirji, ya ƙame ya sara. Kumandan bai mai da gaisuwar ba. Ya sauka, ya zaro takardata, na gane ta daga nesa, ya karanta da ƙarfi, tafinta na juyawa jimla bayan jimla. Na sha jin ana karanta rubutuna daga baya, amma ban sake samun masu sauraro da suka yi tsit haka ba. Da ya gama, ya ɗaga yatsa, aka soka ƙarfe a rumbu na farko, ya shige kamar cikin kabewa, ya fito da ƙaiƙayi. Na biyu ma haka. Na uku ya tsaya. Kumandan ya sa tafinta ya ce duk namijin da ya kai ɗaukar hauya ya koma gefe guda, wani gardi ya fara warware igiya.

Nan Kafaran ya nemi izinin magana. Ya ce duk abin da yaron ya rubuta gaskiya ne, sai wuri guda. Ya ce mazan gari suna gona ranar, shi aka ba tsaro, shi ya buɗe, shi kaɗai, ya raba musu iri ya ce kumandan ne ya ba da izini. Yaro, in ji shi, ya ƙara mutane ne don labari ya yi daɗi. Kumandan ya daɗe yana dubansa, sannan ya kira ni da Faransanci, ya tambaye ni maza nawa na gani da idona. Kafaran bai dube ni ba, yana kallon gaba kamar gunki. Na ce shi kaɗai na gani, sauran na ƙara ne don ado. Ita ce ƙarya ta farko da na yi da harshen Nasara, kuma ta fito sumul, mushe da ya ji da ya yi murna.

Kumandan ya yi ɗan murmushi. Ya ce takarda ta ce maza shida ke riƙe gwafanni, shi kuwa yana son ilimi, yana so ya ga yadda gurgu guda ke yin aikin mutum bakwai. Ya nuna rumbu na uku, wanda ke cike har wuya. Ya ce in tsoho ya fitar da dami ta ƙasa shi kaɗai, ya yarda, in ya kasa, ko wani ya taya shi, a ɗaure mazan.

Kafaran ya cire lamba ya sa a aljihu, ya karɓi fartanya, ya durƙusa da ƙyar saboda ƙugun, ya fara haƙa. Ba mai tari. Ba ka jin kome sai fartanya da wutsiyar dawakai na korar ƙuda. Ya haƙa ramin ya fi na ranar zurfi, ya jawo gwafanni huɗu ya shiga da su, da yake ba mai riƙe masa, sai ya riƙa cusa dutse ƙarƙashin kowace yana bugawa da ƙotar fartanya har ta tsaya da kanta. Daga nan ba ma ganin kome sai tafin ƙafafunsa. Muka ji itace na farko ya zare. Rumbun ya yi wata ƙara, irin ta tsohuwar ƙofa, jinka ta girgiza. Da ya taɓa na biyu, gwafa guda ta tsage, rumbun ya karkata wajenmu, ƙura ta fito ta ƙasa, ƙafafun suka daina motsi. Babana ya ɗaga ƙafa zai taka. Kakata na bayansa, ta damƙe bakin rigarsa ta murɗa a hannu, idonta na kan ƙafafun mijinta. Kumandan kuwa ba rumbun yake kallo ba, mu yake kallo, ɗaya bayan ɗaya, yana jiran wanda zai fara.

Ban san tsawon lokacin ba. Na san dai ina karanta duk addu'ar da na iya, da ta ƙare na koma farko. Sai babban yatsan ƙafar hagu ya motsa. Ƙafafun suka fara ja da baya kaɗan kaɗan, gwiwa ta fito, ƙugu ya fito, kaki ya yage daga kafaɗa zuwa baya, jini na bin kunnensa, ƙaiƙayi ya rufe masa fuska fari fat. Hannunsa na dama ne ya fito ƙarshe, riƙe da igiyar dami. Ya ja shi a ƙasa har gaban kumandan, ya dafa fartanya ya miƙe, ya sake ƙamewa.

"Ga shi, kumandan. In kana son na biyu, a ba ni ruwa tukuna."

Ba na jin kumandan ya yarda da mu. Ina jin dai ya samu abin da zai rubuta, mai laifi guda da ya amsa da bakinsa, kuma rana ta yi zafi. Ya miƙa hannu, Kafaran ya zaro lambar daga aljihu ya ba shi. Aka ɗaura masa igiyar da aka warware domin maza talatin, aka sa shi gaban doki zuwa Maraɗi, zai zauna kaso, wato gidan yari, har kaka. Mazan gari suka tsaya har ƙurar dawakai ta ɓace, sannan suka ɗauki hauyoyinsu, ba wanda ya yi shawara da wani, suka fara da gonarsa. Babana bai yi mini magana ba sai bayan girbi. Rumbu na uku aka tokare shi aka sake buga masa darma, da aka buɗe shi bayan shekara biyu, ƙwari sun mai da rabinsa gari.

Na koma lakwal don ba wanda ya ce kada in koma. Mushe ya mai do mini da takardar a ninke. Ana saura kwanaki a ba mu hutu, ina zaune kusa da taga, sai na ga an kawo ƴan kaso su nome ciyawar filin lakwal. Kafaran na cikinsu, an aske masa kai, yana jan ƙafar nan fiye da da, amma layinsa ya fi na kowa miƙewa. Da aka fita shan iska na je na tsaya kusa da shi, gardi ya kau da kai. Sai hawaye suka zubo mini. Ya tambaye ni ko an yi ruwa a gida, na ce an yi sau biyu. Ya tambayi tsawon hatsi, na nuna masa gwiwata. Ya jingina da hauya ya ɗan rufe ido.

"Ɗan lakwal, takardar nan taka, maki nawa suka ba ka?"

"Sha takwas, Kaka. Cikin ashirin."

"Ina biyun suka tahi?"

Na ce tawada ce ta ɗiga mini a wuri biyu.

"To ka gani. In za ka sake sa ni kaso, ka riƙe alƙalami da kyau, ka ciko ashirin ɗin."

Gardi ya yi gyaran murya, ya tofa yawu a tafin hannu ya ci gaba da tura hauya. Aka buga ƙarfe, na goge fuska na koma aji.